Yadda Baffa Ya Haƙura da Furar Rana

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Buba, wanda muke kira Baffa. Mutanen unguwarmu a cikin garin Daura sun san shi da karantarwa a zaure, amma abin da ya fi ƙauna shi ne rubuta Alƙur'ani da hannu. Asalinmu wata ruga ce ta wajen Baure, shi ya sa duk zamansa a birni bai taɓa barin fura da nono bayan azahar ba, ranar da hali ya yi kuma a haɗa da nama.

Yana tsakiyar rubuta wani Alƙur'ani hannunsa na dama ya fara karkarwa. A asibiti aka ce ciwon da ake kira Fakinsin ne, aka ba shi ƙwaya. Da safe maganin yakan yi aiki, ya riƙe alƙalami kamar da. Da rana kuwa ko ya sha, hannun sai ya ƙi, tawada ta ɓata takarda. Wata rana na same shi ya ture takardun gefe, ya yi tagumi. Ya ce, "Ina jin ba ni zan ƙarasa wannan ba."

Da muka koma asibiti, likitar, wata matashiya, ta tambayi abin da yake ci da lokacin da yake ci. Sannan ta ce, "Baba, ba maganin ne ya gaza ba. Nono da nama in sun narke a ciki, suna zama wasu ƙananan sinadarai da muke kira amino asid. Maganinka danginsu ne, kuma ƙofa ɗaya suke bi daga jini zuwa ƙwaƙwalwa. In sun yi yawa sai su cunkushe ƙofar, maganin ya rasa hanya."

Baffa ya ce, "To 'yata, me ya sa da safe yake wucewa?"

Ta ce, "Saboda koko kake sha, ba nono a ciki. Abincin hatsi yana sa jiki ya fitar da insulin. Mutane sun san shi da rage suga kawai, alhali yana kuma janye da yawa daga cikin sinadaran nan daga jini, ya kai su cikin tsoka. Sai ƙofar ta yi sarari."

Ta gargaɗe shi kada ya daina nono da nama, don jiki na buƙatarsu, ya dai mayar da su bayan magariba.

Wanda bai tashi a gidan Fulani ba zai ga abin da sauƙi. Ni na ga yadda 'yan'uwa kan zo daga ruga da ƙwaryar kindirmo, su ajiye a gabansa da rana tsaka, ya dube ta ya ce, "A rufe mini sai anjima." Mahaifiyarmu ta sha share hawaye a ɓoye. Ciwon bai warke ba, amma hannun ya riƙa ba shi aron wasu sa'o'i kowace rana.

Yau saƙonni sun cika wayoyinmu. Wannan ya ce insulin guba ne, wancan ya ce a bar hatsi gaba ɗaya, wani kuma yana tallar garin maganin da wai ke warkar da komai. Nakan tambayi kaina me Baffa zai ce. Ina jin zai ce abin da yake faɗa wa ɗalibansa in sun kawo masa magana: daga wa ka ji, shi kuma a ina ya karanta? Malamin da ake durƙusa masa ne, amma ya zauna gaban yarinyar da ya yi jika da ita, ya saurara, ya kuma yi aiki da abin da ya ji.

Ya ƙarasa rubutun kafin jiki ya kwantar da shi. Alƙur'anin yana masallacin unguwa, ana karatu da shi kullum. Wasu dattawa kan yi ƙorafi cewa harufan shafukan ƙarshe sun ƙanƙance, sai sun kusanto da su ido. Ciwon ne ya matse rubutun. Amma na bi shafukan nan ɗaya bayan ɗaya, ban sami wasali ko guda da ya bari ba. Allah Ya jiƙan Baffa, Ya sa abin da hannun nan ya rubuta ya zame masa haske a kabari.