Kunamar Bindigar Milojka

A garinsu na bakin kogin Morava, duk wanda ya ci burek, wato gasasshen naɗin ƙullu mai nama ko cuku a ciki, na gidan burodin da ke kusa da gada ya ci aikin hannun Milojka. Tun tana budurwa take murza ƙullu tana jan sa har ya yi siriri kamar mayafi, shi ya sa yatsunta suka yi ƙarfin da in ta gaisa da namiji sai ya duba hannunsa. Harbi kuwa a makaranta ta koya, zamanin da ake fita da ɗalibai maza da mata bayan gari a koya musu riƙon bindiga. Ta fi duk 'yan ajinsu saiti. Sai aure ya zo, sai haihuwa, sai mijinta Radisav ya kamu da shanyewar ɓarin jiki, ta yi shekaru tana juya shi a gado.

Da Radisav ya rasu, mutane suka zaci za ta zauna cikin baƙaƙen kaya tana saƙa wa jikoki safa. Bayan ta fita takaba sai ta nemi lasisi, ta sayo bindiga, ta shiga ƙungiyar maharban gari.

Bindigar irin wadda masana'anta ke fitarwa dubbai ce, mai ɗura wa kanta harsashi, kai dai ka ja kunama kowane harbi. Kunamar kuwa ba a cewa komai. Tana da nauyi, tana da doguwar tafiya, a tsakiya ta yi gurzo kamar an zuba mata yashi, sannan ta tsaya ƙyam, sai ka ƙara ƙarfi ta saki. Mazan ƙungiyar kowa ya cire tasa tun ranar da ya sayo, ya sa 'yar waje mai laushi wadda ko numfashi ka yi kusa da ita sai ta amsa.

Obrad, shugaban ƙungiyar, tsohon ɗan sanda ne mai tumbi da son a ji muryarsa. Ranar farko ya karɓi bindigar ya gwada ta ba harsashi, ya yamutsa fuska.

"Maƙwabciya, wannan kunama ce ko sakatar ƙofar barga?"

"Ta saki ko ba ta saki ba?" in ji Milojka.

"Ta saki, amma sai da na kusa kiran a taya ni."

"To ka riƙa cin abinci. Ba ni kayana."

Aka yi dariya, aka ɗauka wata biyu za ta yi ta gaji. Shekaru suka shuɗe tana zuwa filin harbi duk Lahadi bayan an tashi daga coci. Ba ta taɓa cin kofi ba, amma ba ta taɓa zama ta ƙarshe ba. Ta san kunamar nan kamar yadda ta san ƙullunta: tana ɗaga bakin bindiga zuwa allon da ake harbi tana cinye doguwar tafiyar, ta wuce gurzon, ta tsaya a wurin tsayawar tana daidaita numfashi. Duk wanda ya ce ta sauya, amsarta ɗaya ce. Masana'anta ba ta yi mata alkawarin siliki ba, ta yi mata alkawarin bindigar da ba za ta tashi ba sai an nufa, kuma ta cika.

Cikin masu damun ta da maganar har da surukinta Predrag, mijin 'yarta Gordana. Makanike ne, shi ma ɗan ƙungiyar, mutumin kirki, amma irin waɗanda ba su iya ganin abu na aiki su ƙyale shi. Yana ƙaunar surukarsa, yana kuma jin zafin yadda ake yi mata ba'a a fili.

A shekarar da sanyin ƙashi ya fara kama mata yatsu, Gordana ta gaya wa mijinta cewa ta ga uwar tana jiƙa hannu a ruwan ɗumi tana cije leɓe. Gasar yanki ta matso, a filinsu za a yi. Predrag ya karɓi bindigar wai zai goge ta ya sa mata mai, tunda ita aiki ya yi mata yawa a gidan burodi. Ya je ya cire tsohuwar kunamar ya sa sabuwa mai tsada, bai gaya wa kowa ba. So yake ta ji daɗin a yatsanta da kanta, ta juyo ta dube shi.

Ranar gasa fili ya cika da baƙi daga garuruwan maƙwabta. Milojka ta makara saboda tanda, ta iso ana kiran layinta. Ta kwanta rub da ciki, ta ɗura harsashi. Alƙalin fili ya ba da izini. Ta fara ɗaga bakin bindiga, ta ɗora yatsa don ta cinye tafiyar da ta saba.

Babu tafiyar. Bindigar ta tashi tun bakinta na kallon ƙasa, harsashi ya tono turɓaya a tsakiyar fili, nesa da allo.

Alƙali ya busa usur, kowa ya ajiye makami. Babu wanda ya ji rauni, amma doka a fili take: an fitar da ita. Milojka ta cire harsasan, ta taɓa kunamar sau ɗaya, ta gane abin da aka yi mata. Ta miƙe a hankali tana kakkaɓe gwiwa.

Obrad ya ƙaraso, ya sassauta murya yadda duk da haka baƙi za su ji.

"Maƙwabciya, girma ya zo. Ba abin kunya ba ne. Ki ajiye haka nan tun muna ganin mutuncinki."

Predrag ya kutso cikin mutane. "Shugaba, ba laifinta ba ne, ni ne na..."

"Rufe mini baki, Predrag," in ji ta, ba ta ko dube shi ba. Ta fuskanci Obrad. "Bindigata ce, yatsana ne. Na ɗura mata harsashi ban gwada ta ba, wannan nawa ne. Mene ne hukuncin?"

"Dakatarwa zuwa ƙarshen kaka."

"Na karɓa. Maganar ajiyewa kuma ka riƙe abarka."

A mota Predrag ya yi ta ba da haƙuri har suka iso gida, ita kuwa ta zuba wa gonakin masara ido. Sai da suka shiga kicin ta ɗora bindigar a kan tebur.

"Ina tsohuwar?"

"Mama, ki bari in yi miki bayani. Sati ɗaya kawai za ki yi da wannan ki saba. Hannunki nake tausaya wa."

"Ka tambayi hannun?"

"Da na tambaya ai ba za ki yarda ba."

"Ashe ka san amsar. Ina tsohuwar?"

Ya sunkuyar da kai ya ce tana cikin durom ɗin tarkacen ƙarfe a garejinsa. Ta ɗauki jakarta. Gordana ta ce a bari sai gobe mana, ko abinci ba a ci ba. Milojka ta ce abinci ba ya gudu, mai sayen tarkace kuwa da mota yake yawo.

Suka kife durom ɗin a tsakar gareji. Ga tsofaffin kusoshi, ga guntayen birki, duk sun yi baƙi da mai. Predrag ya durƙusa yana tona, ita tana tsaye a kansa da hannu a ƙugu, maƙwabta na leƙe ta katanga. Da ƙyar aka tattaro 'yan ƙarafan. Ya wanke su, ya mayar da su yadda suke tana kallo. Ta karɓa, ta tabbatar ba harsashi, ta saita bango ta ja. Ga nauyin, ga gurzon, ga wurin tsayawar.

"Yawwa," ta ce. Sannan ta dubi surukin. "Ka ga, ni na yi shekaru ana yanke mini shawara a kan gadon mara lafiya. Likita ya faɗa, dangi su faɗa, ni in yi. Wannan kaɗai na zaɓa da kaina. In za ka taimake ni, ka tambaye ni."

"Na ji, Mama."

"To tashi ka wanke hannu, wake na jiran mu."

Duk tsawon dakatarwar ba ta fasa zuwa fili ba. Ta kan zo da farantin burek, ta zauna a benci bayan layi, tana faɗin kuskuren kowa da ƙarfi. Obrad ya ce wadda aka dakatar ba ta da ta cewa. Ta ce yatsanta aka dakatar, ba bakinta ba.

Kafin ta dawo, kwamiti ya soke rukunin bindigogin da ba a sauya musu komai ba, wanda take shiga, wai babu masu shiga. Sai ta sa sunanta a rukunin kowa da kowa, ta kwanta tsakanin samari masu kunamar waje da madubin hange. Ta ƙare can ƙasa da tsakiya. Predrag ya fi ta, wasu da dama kuma ta fi su, ba su ji daɗi ba.

Da hunturu ya shigo, manuniyarta ta ƙi lanƙwasuwa gaba ɗaya. Likita ya ce ta rage aikin yatsa. Ta rage murza ƙullu, ta koma jan kunama da yatsan tsakiya. Saitinta ya lalace na 'yan watanni, harsasai suka riƙa karkata dama, sannan a hankali suka dawo. Yanzu Predrag ne ke kai ta fili, shi ke riƙe mata jaka, bai ƙara taɓa bindigar ba sai ta miƙa masa.

A taron buɗe sabuwar shekarar harbi, Obrad ya ga ta shigo da hannu naɗe da bandeji, ya girgiza kai.

"Wai yaushe za ki haƙura ne, maƙwabciya?"

"Ranar da ka daina tambaya sai in yi tunani," in ji Milojka. "Matsa, layina ka tsaya a kai."