Rigar Roba a Gaban Suruki

Ni dai ban ce ina son teku ba. Yayan yarinyar da nake nema ne ya matsa. Ina karatu a Salford ta Ingila lokacin, su kuma mutanen Ghana ne mazauna Gorton, kuma mahaifinta bai ce e ba, bai ce a'a ba, sai "za mu gani". Da suka gayyace ni yawo wani garin bakin teku a Wales, na san auna ni za a yi.

Garin ba abin da ake yi sai hawan igiyar ruwa a kan allo. Yayan ya yi mini hayar allo da wata baƙar rigar roba. Kai! Ba riga ba ce, tonon asiri ce. Ta matse ni tun daga wuya har idon sawu, ba abin da ta ɓoye. Na ruga cikin ruwa kafin wani ya ganni.

Ko sau ɗaya ban miƙe a kan allon nan ba. Na sha ruwan gishiri har na ƙoshi, na juyo zan fita, sai ga tsohon, mahaifinta, ya shimfiɗa darduma dab da kayana, ya zauna yana jan carbi, fuskarsa na kallon teku.

Yaya zan fito a haka gaban surukina? Na koma har ruwa ya kai mini ƙirji. Yayan ya fita yana ihu, "Come on, malam, fito mana!" Na ɗaga masa hannu kamar daɗi nake ji. Wallahi a raina zaginsa nake. Yatsuna suka mutu, haƙorana na kaɗawa, igiyar ruwa na marina ta baya. Tsohon ko motsi. Na ji tsoro sosai, amma kunya ta fi ƙarfin tsoron.

Can sai ya miƙe. Ya taho har ruwa ya shanye takalmansa, ya cire babbar rigarsa, ya juya mini baya, ya miƙo ta ta bayansa ba tare da ya waiwayo ba.

"Fito haka nan, ɗana," in ji shi. "'Yata ba gawa za ta aura ba."