Jirgin da Bai Jira Inna Rabi Ba

Shekara shida ke nan da rasuwar kakata, Hajiya Hajara ta Ƙofar Guga. Ina aji huɗu na firamare ta rasu, soja na kan mulki. Yanzu ina sakandare, farar hula sun karɓi ƙasa, kuma a bana ne amsar da ta mutu tana jira ta iso gidanmu.

A unguwarmu an san Kaka da gajeriyar gaisuwa. A ce mata ina kwana, ta ce lafiya lau, ta wuce. Mata suna cewa girman kai ne. Ni da nake zama gefen tabarmarta na lura cewa idan baƙuwa ta ja gaisuwa, sai Kaka ta riƙa murza bakin zanenta tana duban ƙofa.

Dalilin ya samo asali ne daga tafiyarta Makka. Ta ƙasa suka bi, ita da kakana da ƙanwarta Rabi, wadda a gidanmu ake kira Inna Rabi. Babana yana goye a lokacin. A gaɓar Sudan suka shiga jirgin ruwa. Kafin ya ratsa teku sai ya tsaya a wata tsohuwar tasha don ɗaukar ruwan sha, aka ce mai so ya sauka ya ziyarci wani daɗaɗɗen masallaci da kabarin wani waliyyi, amma da an ji ƙaho a dawo.

Kaka ta ce bangon masallacin da dutsen teku aka gina shi, mai ƙananan ramuka kamar soso. Suna fitowa suka ji wata mai tallar ruwa tana Hausa, Hausar ma ta Katsina. Aka rungume juna, aka shiga gaisuwa. Ya gida, ya hanya, ya wane, ya wance. Ƙaho ya yi kuka. Goyo ya tashi da rigima, Kaka ta ce wa Rabi, "Ki ida gaisuwa ki biyo ni."

Dukansu babu wadda ta san jirgi. Mota suka sani. A tashar garinmu direba yakan danna ham ya sake dannawa, a fito daga baya a same shi yana cin goro. Suka ɗauka ƙahon ma barazana ce. Kaka tana tsaye a saman jirgi aka janye tsani. Ta hango jan kallabin ƙanwarta yana gudu a bakin ruwa, yana ƙanƙancewa.

Jirgin dawowa bai bi ta tashar ba. Kakana ya yi cigiya wurin duk alhajin da ya dawo ta ƙasa, shiru. Tambaya biyu Kaka ta rayu da su: shin Rabi ta rayu, kuma ta yafe mata da ta hau ta bar ta? Ranar da makarantarmu ta kai mu ganin hasumiyar Gobarau, wadda da ƙafa ma ana iya dawowa gida daga can, sai da Kaka ta riƙe hannuna a zaure.

"Ƙawata, in kin ji ham ki ruga. Ko Sarki ke gaishe ki, ki ruga."

"Kaka, cikin gari ne fa."

"Mi kika sani? Ki dai ruga."

Kwanan baya na ga wani jirgi a talabijin, girmansa kamar unguwa guda, yana sauke masu yawon buɗe ido su kalli tsofaffin masallatai da majami'u. Wani mutum yana gaba da 'yar tuta, yana duba agogo. Da Kaka na nan, na san ba girman jirgin zai dame ta ba. Cewa za ta yi, suna ƙirga mutane kafin su tashi?

Ana saura kwanaki azumi wani ɗan acaba ya sauke wata dattijuwa a ƙofar gidanmu. Ta naɗe jikinta da dogon mayafi irin na matan Sudan, tafin hannunta baƙi da lalle. Unguwa-unguwa ta bi tana tambayar gidan da 'yarsu ta ɓata a hanyar Makka. 'Yar Inna Rabi ce. Ta ce mai tallar ruwan nan ce ta riƙe mahaifiyarta, ta aurar da ita ga wani Bahaushe maɗinki. Inna Rabi ta yi aikin Hajji daga baya, ta ga jikoki, ta rasu bara a kan gadonta. Ta sha ba alhazai saƙo zuwa Katsina, ko ɗaya bai iso ba.

Ina bayan labule na ga Baba ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa.

"To... tana maganar yayarta kuwa? Ba ta riƙe ta a rai ba?"

Baƙuwar ta yi dariya har da tafa hannu.

"Riƙo? Kullum cewa take gara da ba ta sauko da jinjiri ba, da an yi asarar uku. Kai ne jinjirin ko? Ga shi har ka yi furfura! Ni sunana Hajara. Amma ban taɓa jin ta kira ni da shi ba. Yaya take ce mini."

Ta ɗauki furar da aka kawo mata ta ci gaba da sha.

Kaka ba ta bar dukiya ba. Ta bar mana saurin fita idan an kira, ta bar suna a wani gida can bakin teku, inda ake ambatonta safe da yamma ba ta sani ba. Na so a ce ta ji da kunnenta. Amma an yafe mata tun kafin ta fara nema.

Washegari da sassafe Baba ya tafi maƙabarta shi kaɗai. Ya daɗe. Da ya dawo ya zauna a tsakar gida, ya ce a ƙara masa koko.