Hoton Goggo Mai Waya

Ranar da Goggo ta kama aiki a ofishin lauyoyin nan, ɗaki ɗaya ne tal a saman shagon mai taya: lauyoyi biyu, tafireta ɗaya, sai baƙar wayar tebur. Yau bene ne hawa uku, lauyoyi arba'in da 'yan kai, ga rassa a garuruwa uku. Ba su kai manyan ofisoshin babban birni ba, amma duk wanda rigimar gona ko ta gado ta sha wa kai a yankin, nan ake nuna masa.

Maigida, wanda ya kafa ofishin, Allah ya jiƙansa, doka ɗaya ya bari: kada waya ta yi ƙara sau uku ba a ɗauka ba. Ya ce duk mai neman lauya a cikin tashin hankali yake. Goggo kuwa ta riƙe dokar nan fiye da mai ita. Ko lomar abinci ce a bakinta, sai ta tura ta gefen kumatu ta yi sallama.

Dokar ce ta cuce ta. Duk shekara lauyoyi kan saka baƙaƙen rigunansu su jeru a matakalar ƙofa a ɗauki hoto, har direbobi da mai gadi. Goggo tana ciki tana gadin waya. Jikokinta sun sha tsokanarta: "Goggo, anya a can kike aiki? Ko ƙeyarki ba mu gani a hoto ba." Takan bi su da dariya, amma abin yana ci mata rai. Ga shi ƙarshen wata za ta yi ritaya, hoton bana ne na ƙarshe, kuma shi za a saka a littafin tarihin cika shekara arba'in. Ita kuma ko za a yanka ta, ba za ta buɗe baki ta roƙa ba.

Da safen ranar hoton, Barista ta tsaya a kanta da tulin tsofaffin hotuna. 'Yar Maigida ce, ita ke riƙe da ofishin yanzu, kuma Goggo ta sha goya ta tana buga takardu.

"Goggo, hoto talatin da tara na duba. Kina ina?"

"Ina inda babanki ya ajiye ni, 'yar nan."

"To yau dai ki taso."

"Waya fa? Ke za ki yi masa bayani a lahira?"

Barista ta kwashi hotunanta ta fita. Goggo ta ciji yatsa. Ita da bakinta ta kori damarta.

Can sai ga hayaniya. Barista a gaba, lauyoyi suka dinga kwararowa cikin ɗan ɗakin Goggo, wasu a durƙushe, wasu sun hau benci, ana take wa juna riguna. Mai hoto ya maƙale a bakin ƙofa yana ƙorafin rashin haske.

"Kowa ya kalle ni! Ɗaya, biyu..."

Waya ta ɗauki ƙara. Ba wanda ya motsa. Ta sake yi. Goggo ta kai hannu.

Haka hoton ya fito a shafin farko: lauyoyi arba'in suna dariya, Goggo a tsakiya, waya a kunne, hawaye shaɓe-shaɓe, tana tambayar wani bawan Allah me ya same shi.