Wai ba ni da tarihi a ƙasar nan

Matar ofishin masu ba da hayar shaguna ta kalli kwamfutarta, ta kalle ni, ta ce, "Ki yi haƙuri, ba ki da tarihi."

Shago na je kamawa haya kusa da Elm Street, don na gaji da yi wa mutane kitso a falona. Na ce zan biya na wata shida nan take. Wai duk da haka sai an duba makin kiredit ɗina, wato makin da ke nuna yadda mutum yake biyan bashi, ni kuwa ko katin bashi ban taɓa riƙewa ba.

Na ce, "Wato laifina shi ne ban taɓa cin bashi ba?"

Ta ce, "Ba laifi ba ne. Mu dai ba mu da hanyar sanin ko kina cika alkawari."

Jama'a! Shekara tara ina zubi wajen Hajiya Zalika, uwar adashenmu. Ko watan da aka yi min tiyata ban yi fashi ba, daga gadon asibiti na aika. Motar da na je da ita ma da kwasar adashe na saya, ba mai bi na ko sisi.

Ƙanena Sani ya ce in buɗe katin, in riƙa shan mai da shi ina biya, makin zai hau. Wataƙila da gaskiyarsa, don shagon har wani ya kama, kuma ya min ciwo.

Amma ba zan ci bashin da ba na buƙata don kwamfuta ta yarda ni mutuniyar kirki ce ba. Falona bai kore ni ba.

Ku faɗa min tsakani da Allah, shekara taran nan ba tarihi ba ce?