Tukwicin Babban Hafsa

Jikana na fari soja ne, amma ba irin mai rarrafe da bindiga ba. Shi da mutanensa a ɗaki mai sanyi suke wuni, suna tsaron taurarin ɗan'adam da aka harba sama, kada su ɓata, kada wani abu ya buge su. Ranar da ya yi mini bayani na ce, ashe kiwo kake yi. Ya ce to, Sitti, kiwo ne. Sitti yake kirana, wato kaka da Larabcin nan garin.

Ana nan, wata Alhamis ya shigo gidanmu na unguwar Bagdadiyya da kakinsa, ya durƙusa ya ce za a ba shi lambar yabo saboda yadda ya shugabanci mutanensa, an kuma ce ya zo da iyalinsa. Na yi hamdala. Sannan na tambaya, wa ya ba ka? Ya ce daula. Wa zai miƙa maka? Ya ce wani babban hafsa.

Na ce, "To shi ɗan aike ne ke nan. Yana da tukwici."

Mu a gidanmu, tun kakan mijina da ya baro ƙasar Hausa don aikin hajji, ya sauka a tashar jiragen ruwa da sandarsa da butarsa, ba a taɓa kawo mana alheri mai kawowa ya koma hannu wofi ba. Ko kwanon miya maƙwabciya ta aiko, sai an saka wa wanda ya ɗauko wani abu a tafinsa. Balle wannan.

Yaron nan ya dafe kai. "Sitti, mamnu'u, an hana! Ba a ba babba kyauta, za a ce rashawa ce. Aikina fa!"

"Rashawa kafin a ba ka ake yin ta, angona. Wannan bayan an ba ka ne."

Uwarsa, 'yata, ta ce, "Inna, don Allah ki rufa mana asiri."

Na ce to. Suka ɗauka na haƙura.

Washegari na aika wajen wata 'yar Nijar mai sayar da goro, ta zaɓo mini farare manya, na ƙulle su a jiƙaƙƙen ƙyalle na jefa a jaka. Ranar biki sojan bakin ƙofa ya kwance ƙullin, ya shinshina, ya dube ni. Na ce maganin gyangyaɗin tsofaffi ne. Ya ce yalla, Hajiya, wuce.

Zauren sanyi kamar randa. Aka yi ta kiran mutane har aka zo kan nawa. Ya taka, ƙasa na amsawa, ya ƙame. Hafsan, wani dattijo mai furfura a gashin baki, ya maƙala masa lambar a ƙirji. Na goge ido da bakin mayafi, ban bari kowa ya gani ba.

Da aka kawo gahawa da dabino sai dattijon ya bi iyalai yana gaisuwa. Ya iso gabana ya dafa ƙirji ya ce mabruk, ya ummi, wato barka, uwata. Na kwance ƙyallena na miƙa da hannu biyu. Jikana ya zama gunki. 'Yata ta sunkuyar da kai.

Na ce masa da Larabci, "Kai aiko ka aka yi. Ɗan aike ba ya rabuwa da mu hannu wofi."

Ya dubi goron, ya dube ni. Can sai ya fashe da dariya. Ya ce ya daɗe yana maƙala wa mutane lambobi, ba wanda ya taɓa gaya masa matsayinsa sai yau. Amma, in ji shi, doka ta hana shi tafiya da kyauta gida. Abin da aka ci a tsaye kuwa, wannan karamci ne.

Ya ɓara guda ya gatsa. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya.

"Murr, wallahi!"

Na ce ɗacin na gaba ne, ya kora da ruwa ya ji. Bai yarda ya sha wuya shi kaɗai ba, ya yafito sauran hafsoshi ya rarraba musu, ya ce umarni ne. Na ƙarshe ya miƙa wa jikana, wanda tun yana yaro ko warin goro ba ya so.

Ya karɓa, ya sara masa, ya tauna. Ga lamba tana walƙiya a ƙirji, ga ido ya kawo ruwa.

Na matsa kusa da shi na ce, "Haɗiye, angona. Soja ba ya tofarwa."

Ya haɗiye da ƙyar, ya ce da Hausarsa mai ɗingishi, "Halas, Sitti. Ke kin ci."