Gatarin Metodija da Bishiyar Spasija

A ƙauyenmu na bakin tafkin Ohrid, in ka ji ƙarar tsintsiya tun da sassafe, Spasija ce. Mace ce mai tattali har ya yi yawa, ko ganye ba ta yarda ya tafi a banza. Duk kaka sai ta tattara ganyen wata babbar bishiya da ake kira kosten, da ke ƙofar gidanta, ta lulluɓe gindin inabinta da shi don kada sanyi ya kashe shi.

Mahaifinta ne ya dasa bishiyar, kuma tana sonta kamar ranta. To amma shekara da shekaru, tun ana tsakiyar zafi sai ganyen ya yi ja ya ƙone. Mijinta Metodija ya gaji.

"Tsohuwa, bishiyar nan ta mutu, ke ce ba ki ji labari ba," in ji shi, yana wasa gatari. "Baɗi in ta sake, itacen girki ce."

"Kai ma ka bushe, tsoho, wa ya sare ka?"

Ta ɗora laifin a kan maƙwabciyarta Dosta, wai hayaƙin gashin tattasanta ne ke ƙona ganyen. Har gaisuwa ta yanke.

Da sanyi ya wuce, Spasija ta je yaye wa inabi mayafinsa. Tana ɗaga ganyen sai ga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu fiffike, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, sun tashi buu, sun nufi bishiyar. Da sabon ganye ya fara tabo, ta tsinko ɗaya ta ɗaga wa rana. Ga tsutsa a kwance cikin cikin ganyen, tana ci tana yin hanya. Ashe Spasija da kanta ke ba ƙwarin masauki duk hunturu a cikin ganyen da take tarawa, har da shimfiɗa. Kunya ta kama ta, dariya kuma ta ci ƙarfinta.

Ta roƙi Metodija ya ƙara wa bishiyar shekara ɗaya. Da kaka ta zo, ta share ganyen tas, ta kai gidan Dosta.

"'Yar'uwa, na kawo miki makamashi."

"Hayaƙina ya daina kisa ke nan?" in ji Dosta, ta matsa mata a kan benci.

Shekarar da ta biyo, ganyen ya kai kaka da sauran korensa. Metodija yana ƙarƙashin bishiyar yana sharar barci. Gatarin kuwa, da shi aka tokare ƙafar teburin da ke rawa.